Tsohon doki yana ci amma yana ramewa, dasashinsa ya yi fari

Wani mai karatu daga unguwar Birni, nan Damagaram, ya rubuto mana:

"Assalamu alaikum. Ina da ingarma da na gada daga mahaifina, shekarunsa sun kai 20 ko sun ɗan haura. Tun ƙarshen damina yake ramewa, yanzu daga nesa ana ƙirga haƙarƙarinsa, ƙugu ya fito. Yana ci, amma abinci na zubo masa daga baki. Cikin idonsa da dasashinsa sun yi fari fat. Wani lokaci jikinsa ya yi zafi kwana biyu ya sauka, kuma ƙasan cikinsa ya fara kumbura. Da damina ya yi wata biyu a gona wajen Tanut, kusa da masu raƙuma. Na ƙara masa gero, na ba shi kanwa, an yi masa allurar ƙarin jini a kasuwa har sau biyu, ba canji. Ina so ya murmure kafin hawan Sallah. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba dokin lafiya.

Za mu fara da shawarar da ba za ta yi maka daɗi ba: cire hawan Sallah daga lissafi, ka rataye sirdi da linzami. Dokin da dasashinsa ya yi fari, zuciyarsa bugu take yi ba hutu don ɗan jinin da ya rage ya zagaya jiki. Sukuwa ɗaya a ƙofar fada ta isa ta kayar da shi, kai kana bisa. Ko ja zuwa mashaya da tsakar rana a daina, a kawo masa ruwa turkensa. Kada kuma a ba da shi barbara sai an san abin da ke damunsa, don akwai cutar da ke bin wannan hanya zuwa goɗiya, kuma alamunta sun yi kama da waɗanda ka lissafa.

Ƙarancin jini a doki ba shi ne cutar ba, wani abu ne ke jawo shi. Ko dai jinin yana zurarewa a hankali ta hanji saboda tsutsa ko gyambo, ko wata ƙwayar cuta tana farfasa shi a cikin jijiya, ko kuwa wata daɗaɗɗiyar cuta ta hanta, ƙoda, ƙurji ko daji ta sa ɓargo ya rage ƙera sabo. Allurar ƙarin jini ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu, zuba ruwa ne a randa mai yoyo. Babban doki da wuya ya rasa sinadarin ƙarfe, yana samunsa da yawa a ciyawa da ƙasar da ke manne da ita. Allurar ƙarfen nan ta dekstiran, wadda aka yi domin ƙananan dabbobi, an san tana kashe doki nan take, wani lokaci kafin a zare allurar. In ita aka yi masa a kasuwa, ya tsira sau biyu, kada a yi ta uku.

Kafin likita ya zo akwai awon da za ka yi da kanka, safe da yamma, ka rubuta a takarda. Zafin jiki da ma'auni ta dubura: lafiyayyen doki yana tsakanin digiri 37.5 da 38.5. Bugun zuciya: ɗora yatsu uku a jijiyar da ke ƙarƙashin muƙamuƙi, ko tafin hannu a bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu, 28 zuwa 44 a minti shi ne daidai. In yana tsaye a inuwa bai yi komai ba amma bugun ya haura 60, jinin ya yi ƙasa ƙwarai ko yana jin ciwo, a kira likita a ranar. Ka buɗe fatar idon a hasken rana ka duba da kyau: fari ne zalla, ko da ɗorawa-ɗorawa irin na shawara, ko da ƙananan ɗigon ja kamar an tsattsaga da allura? Ka tara fitsarinsa a farin kwano ka ga ko ya koma launin shayi. Kowace amsa tana karkata likita zuwa wata cuta daban.

Nauyinsa ma sai an sani, don da shi ake lissafin kowane magani, kuma ramammen doki ido yana ruɗin mutum a kansa. Ka ɗauki awon tela. Zagaye ƙirjinsa daidai inda majanyin sirdi ke bi, sannan ka auna tsawonsa daga kan kafaɗa ta gaba zuwa ƙashin ɗuwawu, duka da santimita. Ninka awon ƙirji da kansa, ninka da tsawo, raba da 11,880. Misali ƙirji 155, tsawo 150, zai ba ka kilo 303. Da kilo 300 za mu yi sauran lissafin, kai sai ka gyara da naka.

Sai gwajin jini, kuma nan ne kuɗinka ya fi cancanta ya tafi. Je wajen ma'aikatan kiwo ko likitan dabbobi mai lasisi. LABOCEL, ɗakin gwajin cututtukan dabbobi na ƙasa, yana da reshe a Zinder. Ka nemi a auna hematokirit, wato kason jan jini a cikin jinin gaba ɗaya. Lafiyayyen doki yana da kashi 32 zuwa 45 cikin ɗari. Ƙasa da 20 abin ya yi tsanani, kusa da 12 kuwa rai ne a hannun Allah, maganar ƙarin jini daga wani doki ake yi. A ɗebi jinin lokacin da hankalinsa ke kwance, don saifar doki tana ajiye jan jini mai yawa, in ya firgita ko an yi kokawa da shi sai ta matso shi cikin jijiya, awon ya fito sama da gaskiya. A kuma ɗeba ranar da zazzaɓin ya tashi, a sa kwalbar cikin sanyi ba a kan ƙanƙara kai tsaye ba, a kai cikin 'yan sa'o'i.

Dalilin wannan sharaɗi na zazzaɓi shi ne cutar da muka fi zargi. Zafi mai tashi yana sauka, rama alhali ana ci, farin ido, kumburin ƙasan ciki, da zaman damina kusa da raƙuma: duk sun taru a kan sura, 'yar'uwar sammoren shanu. Mutane na cewa ai babu ƙudan tsando a ƙasar Damagaram, to ina sammore? Wannan ba ta buƙatar tsando. Bobuwa da ƙudan barga masu cizo ne ke ɗaukarta a bakinsu, su ciji raƙumi, a kore su, su sauka kan doki kafin jinin ya bushe. Raƙumi yana iya yawo da ita shekaru yana aiki, doki kuwa in ba a yi magani ba yawanci ba ya kai labari, cikin makonni ko 'yan watanni. Ƙwayar tana cika jini lokacin zazzaɓi, ta ɓuya in ya sauka, shi ya sa gwaji ɗaya da bai nuna komai ba bai wanke doki ba. A maimaita, ko a nemi gwajin kati da ake kira CATT in ana da shi.

Maganinta ba na mai tebur a kasuwa ba ne. Diminazen, wanda aka fi sani da Berenil ko Veriben, shanu suna ɗaukarsa lafiya, doki ba haka ba. Fakitin giram 2.36 an auna shi ne domin dabba mai kilo 300, wato miligiram 3.5 na ainihin sinadarin maganin a kowane kilo. A wannan awo sau da yawa ba ya kashe ƙwayar duka, cutar ta dawo bayan makonni. In aka ninka kuma yana iya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwar doki, balle ramamme mai ƙarancin ruwa a jiki. Akwai melasomin, mai sunan kasuwa Cymelarsan, akwai isometamidiyom da kinafiramin, kowanne da awonsa da haɗarinsa. Likita ne zai zaɓa bisa abin da ke samuwa na gaskiya, ya raba allurar wuri biyu ko uku, bayan dokin ya sha ruwa ya ƙoshi. In ka ga ya fara tangaɗi da ƙafafun baya ko yana zagaye wuri ɗaya, ƙwayar ta kai ƙwaƙwalwa, kuma yawancin magungunan ba sa isa can da ƙarfi. Gaggawar ke nan.

Ta biyu a zargi ita ce zazzaɓin kaska. Duba ƙarƙashin wutsiya, tsakanin cinyoyi, cikin kunne da gindin geza. In ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ita ce kan gaba. Manyan ƙwayoyinta iri biyu ne, ana ganinsu cikin jan jini a madubin gwaji, kuma maganinsu imidokab: mai sauƙin tana jin miligiram 2.2 a kilo, allura biyu kwana ɗaya tsakani. Mai taurin kan tana neman kusan ninkin haka, sau huɗu, kwana uku-uku. Yana murɗa ciki, yana sa zawo da dalala, don haka likita kan fara ba da maganin da ke kwantar da hanji. A tsohon doki irin naka ƙaramin awo ake bi, a sauke cutar kawai, ba a nace sai an share ta ba. Kaskar kuma a cire ta da hannu ko a yi amfani da abin da likita ya amince. Amitiraz, ruwan wankan shanu da ake sayarwa da sunan Taktic, kada ya kusanci doki: yana tsayar masa da hanji cak.

Akwai wata cutar ƙarancin jini ta dawaki wadda ƙwayar bairus ke kawowa, gwajin Coggins ke gano ta, ba ta da magani, kuma allurar da aka soka wa wani doki tana ɗauko ta. Sabuwar allura ga kowace dabba, ko yaushe.

Yanzu bakinsa. Ka ce abinci na zubowa, kuma muna kyautata zaton in ka duba gindin turke za ka ga dunƙule-dunƙulen ciyawa da aka tauna aka tofar, a kashinsa kuma ƙwayar gero ɗungum da dogayen zaruruwan ciyawa. Matauna na doki suna fitowa daga dasashi milimita 2 zuwa 3 a shekara, suna cinyewa da tauna. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, sai gefen waje na haƙoran sama da gefen ciki na haƙoran ƙasa su yi kaifi, suna yankar kunci da harshe. Wajen shekara 20 tushen ya kusa ƙarewa: wani haƙori ya yi girgiɗi, wani ya faɗi, na gabansa ya yi tsawo ya tokare gurbin, abinci ya cushe tsakani ya ruɓe. Sunsuna bakin, wari alama ce. Kada ka cusa hannu ciki ba tare da ƙarfen buɗe baki ba, matauna suna datse yatsa. Likita zai goge kaifin da magagarin haƙori, ya cire mai girgiɗi. A tsoho kaɗan ake gogewa, kaifin kawai, don abin da aka cinye ba ya dawowa. In hematokirit ya yi ƙasa sosai, cire haƙori da allurar kwantarwa su jira sai ya ɗan farfaɗo. Tsaga dasashi ko ƙona shi da ƙarfe, da duk wata tsaga ta fitar da "mugun jini", ba su da gurbi a nan. Dokin da ake neman jini a jikinsa ba a zubar masa da shi.

Haƙori shi kaɗai yana ramar da doki, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zuwa yana dawowa. Kada gyaran baki ya sa a fasa gwajin jini.

Tsutsar ciki kuwa a ɗauka yana da ita. A kai ɗanyen kashinsa a ƙirga ƙwai, tare da sanin cewa ƙananan tsutsotsin da ke ɓuya a bangon hanji ba sa nunawa a wannan gwaji, alhali su ne ke tsiyayar da furotin har ƙasan ciki ya tara ruwa. A raunannen doki ba a kashe su gaba ɗaya rana ɗaya, hanjin na iya kumbura ya ɓarke da zawo. Hanya mai sauƙi ita ce fenbendazol, miligiram 7.5 a kilo kullum har kwana 5. In ruwan mai kashi 10 cikin ɗari ne, mililita 22 da rabi ke nan a rana ga kilo 300. Bayan mako biyu a ba da ibermektin ta baki, miligiram 0.2 a kilo, wato miligiram 60, wanda ke kashe har da tsutsar ƙuda da ke manne a tumbi. Ta baki muka ce: allurar ibermektin ta shanu in aka soka wa doki a tsoka tana iya ruɓar da wurin. Moksidektin, wani maganin tsutsa, a bar shi sai dokin ya yi ƙiba, don a kitse yake zama, dokin da ba shi da kitse yana iya buguwa da shi. Ƙwayar lebamizol ta tumaki ma ba ta doki ba ce. A kwashe kashi daga barga kullum.

Ka yi wannan ma, ba ya cin ko dala: ɗauki dunƙulen kashi biyar ko shida da ba su taɓa ƙasa ba, zuba a leda mai haske, cika da ruwa, dama, rataye ta da kusurwa ɗaya a ƙasa. In bayan kwata ɗin awa yashi ya taru a kusurwar ya fi cokalin shayi, yana haɗiyar rairayi da abincinsa, kuma rairayi yana goge hanji yana hana abinci amfani. A ƙasa irin tamu wannan ba baƙon abu ba ne. A daina zuba masa a ƙasa, a sa a rabin tano ko kan tabarma.

Geron da ka ƙara, mun san da kyakkyawar niyya ne, amma a rage shi yau. Tumbin doki ƙarami ne, kuma hatsin da bai narke a ƙaramin hanji ba yana wucewa babban hanji ya yi tsami, daga nan sai ciwon ciki, zawo, ko zafin kofato da ke gurgunta doki. Wanda ya daɗe cikin yunwa kuma aka cika shi da hatsi farat ɗaya, gishirin jininsa, musamman fosforas, yana faɗuwa, zuciya ta tsaya cikin kwana uku zuwa goma, a ce ai ya fara samun sauƙi sai ga shi ya mutu. Ɗura da hannu ta fi haɗari: raunannen doki yana shaƙewa, abinci ya bi hanyar huhu.

Harawa ce za ta ɗaga shi, ta wake ko ta gyaɗa, mai ganye, wadda ba ta yi fumfuna ba. Tana da furotin da sinadarin alli, wato kalsiyam, ba ta da sitaci mai yawa. A karkaɗe yashi, a cire karan mai tauri, a daddatsa ƙanana, a jiƙa minti 20 zuwa 30 ta yi laushi. In ya yi kwanaki ba ya ci sosai, a fara da rabin kilo duk bayan awa huɗu har kwana uku, sannan a riƙa ƙarawa a hankali zuwa kwana na goma. In cinsa bai tsaya ba, a raba masa kilo 6 zuwa 7 na harawa da ciyawa mai laushi gida biyar ko shida a yini, har da na dare. Gero kuwa a ɓarza shi a jiƙa, kada ya wuce rabin kilo a ci ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biyar na tiya, sau biyu a rana da farko, sau uku bayan mako biyu in kashinsa bai canza ba. Dusa a jiƙe, kada ta haura kilo ɗaya a yini. Fosforas ɗinta ya rinjayi alli, in ta yi yawa aka daɗe tana lalata ƙashi har fuska ta kumbura. Duk abin da aka jiƙa a ba shi cikin awa biyu ko uku, in ya yi tsami a zubar.

Man gyaɗa ya fi gero amfani wajen mayar da jiki, yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu ba tare da tsami a hanji ba. Fara da mililita 50 a rana a cuɗe da dusa, ƙara 50 duk kwana huɗu har 200. In kashi ya yi ruwa a koma baya. Sharaɗi ɗaya: in gwaji ya nuna hanta ta taɓu, mai da harawa mai yawa ba su dace ba, likita zai canza tsarin. Gishiri cokali biyu na cin abinci a yini, ruwa mai tsabta a gabansa dare da rana, zai sha lita 25 zuwa 40, fiye da haka da bazara. Kanwa ɗan kaɗan ba laifi, amma ba ta ƙara jini, in ta yi yawa zawo take sawa. Albasa da tafarnuwa da wasu ke ba doki don ƙarfi, su kansu suna farfasa jan jininsa. Tunkuzar da ta yi fumfuna tana kashe hanta. Abincin kaji ko na shanu na buhu kada a gwada, wani yana ɗauke da monensin, kuma kaɗan daga cikinsa ya isa ya lalata zuciyar doki. Ka kuma tambayi duk mai kula da shi ko ana ba shi fenilbutazon ko dekzametazon saboda ciwon gaɓɓai: na farko yana huda tumbi da hanji jini ya riƙa tsiyaya, na biyu yana rufe zazzaɓi ya ba ƙwayar cuta fili.

Hunturu na tafe, kuma ramammen doki abincinsa a ɗumama jiki yake ƙarewa. Kare shi daga iskar gabas da zana, rufa masa bargo da dare, shimfiɗa masa ciyawa mai kauri don ƙugu da gwiwa kada su yi gyambo. Ya ci shi kaɗai, ba tare da wanda zai ture shi ba. Hayaƙi da yamma yana rage ƙuda. In akwai wani doki ko jaki a gidan, a gwada jininsu su ma.

Kada ka sa ran gani da ido kafin mako uku ko huɗu. Abin da zai fara gyaruwa shi ne zazzaɓi ya daina dawowa, bugun zuciya ya sauko, kumburin ya sace. A maimaita hematokirit bayan mako biyu, awon tela kuma duk Juma'a, wuri ɗaya, hannu ɗaya. Jini kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku ya cika, tsoka wata uku zuwa biyar, kuma bayan tsohon doki ba lallai ya koma yadda ka san shi ba. Ko bayan maganin sura ka ci gaba da auna zafinsa wata uku, don tana komowa.

In an yi duk wannan, jini bai nuna ƙwaya ba, baki ya gyaru, tsutsa ta fita, amma bayan mako shida awo yana ƙara ƙasa, to saura hanta, ƙoda, ƙurjin ciki ko daji, kuma a shekarunsa waɗannan ba kasafai suke warkewa ba. A nan za ku zauna da likita ku duba ko ci gaba da magani taimako ne ko ƙarin wahala gare shi. Kafin nan, ranar da ya kwanta ya kasa tashi, kada a ja shi da wutsiya ko a ɗaga shi da duka. A tokare shi da buhunan ciyawa ya zauna kan ƙirjinsa, a juya shi ɗaya gefen duk awa biyu zuwa uku, a miƙa masa ruwa a bokiti ba ɗura ba, a kira likita a wannan sa'ar.